Pus Ta Mutu a Injin Malam Haruna

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar Larabar da na ɗauki safar hannu da baƙar leda na tafi ɗauko gawa a garejin Malam Haruna. Ko na so in manta ma, matan Greensboro ba za su bar ni ba. Har yau akwai waɗanda in suka hango ni a gidan suna, sai ɗaya ta sunkuyar da kai ta ce "miyaw" a hankali, sauran su fashe da dariya.

Bari in fara da halina, don kada ku ji shi a bakin wani. Ba ni da haƙuri. Ba na jiran ƙarshen magana. In mutum ya faɗi rabi, ni zan ƙarasa masa. (Mamata cewa take ko wata tara ban yarda na cika a ciki ba.) Na gama sakandare a Kaduna, na tsallako teku na zo nan wurin yayata a farkon shekarun dubu biyu, na sami aiki a wata masana'anta da ake haɗa allunan lantarki. Awa takwas kullum ina zaune da ƙarfen narka dalma, ina manna ƙananan abubuwa a kan koren allo. Ban je jami'a ba, amma hannuna ba ya rawa, kuma na san haka, kuma na tabbatar kowa ya sani.

Shi kuwa Malam Haruna dattijo ne mutumin Damagaram, tela. Lokacin da masaƙun garin nan suke ta rufewa ana gwanjon kayansu, ya sayo wani injin yin ado a wuyan riga. Tare da injin aka haɗo masa kwamfutar da ke ba shi umarni, wata tsohuwa mai launin madarar da ta kwana, da allon kallo mai koren rubutu da faifai mai faɗin tafin hannu. Ina ga sa'ata ce, in ma ba ta girme ni ba. Ƙwaƙwalwarta 'yar mitsitsiya ce, shi ya sa masu ita na farko suka ƙara mata wani allon memori a ciki, kamar yadda ake ɗora wa gida ƙarin ɗaki idan iyali sun yi yawa. Ƙaramin zane yana shiga ɗakin asali. Babban zane kuwa sai ya tsallaka ɗakin da aka ƙara. Da wannan tsohuwar Malam ya yi suna. Duk wuyan rigar da kika gani a bikin 'yan Nijar ko 'yan Gana ko namu, tun daga nan har Summerfield, daga garejinsa ta fito.

A makon da nake ba ku labari, ƙawata Samira za ta yi aure ranar Asabar. Uwarta Hajiya Mariyama, 'yar zangon Kumasi, mace mai murya kamar lasifika, ta kai wa Malam shadda goma sha takwas ta anko. Ya gama shida. Saura goma sha biyu.

Ina hutun rabin rana a wurin ajiye motoci, ina rubuta sunana da yatsa a kan ƙurar furannin da ke mayar da motar kowa ruwan ɗorawa a wannan lokacin, sai wayata ta yi ƙara. Malam ne. Ya gaishe ni, ya tambayi yayata, ya tambayi mijinta, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, yana shirin komawa Kaduna ya tambayi Mama na tare shi.

"Malam, minti biyar ya rage min. Lafiya?"

"To, bon. 'Yata, mashin ne ya yi pan, ya lalace. Na duba, na sake dubawa, ina ga pus guda ce ta mutu a ciki. In kin tashi aiki ko za ki zo ki cire min..."

"Inna lillahi! Tun yaushe?"

"Yau kwana uku."

"Kwana uku! Kuma kuna zaune da ita a haka?"

"To ya zan yi? Idona ba ya gani sosai. Kuma ban san wacce ce ba a cikinsu, suna da yawa, duk baƙaƙe..."

Ban ji sauran ba, don na riga na kashe wayar. A unguwarmu a Kaduna, in za ka kira kyanwa "pus-pus" kake cewa. Kuma da idona na sha ganin wata ƙatuwar kyanwar maƙwabtansu tana kwance a kan kwamfutar nan lokacin sanyi tana shan ɗumi. Lissafi ya fito: ta shiga injin, ta haihu, ɗaya ta mutu, ta yi kwana uku tana ruɓewa kusa da shaddar da zan saka ranar Asabar.

Mai hankali zai sake kiran Malam ya tambaya. Ni Samira na kira. Ita kuma tana tsakiyar falo ana mata dilka, sai ta buɗe muryar wayar kowa na ji. Na ce, kuma ina tuna kalmomin ɗaya bayan ɗaya don an sha maimaita min su: "Samira, ki ce wa Hajiya ta je ta kwashe kayanta, mushen kyanwa ne a cikin injin Malam, kwana uku, da 'ya'yanta." Na ji Hajiya daga nesa ta ce, "Ei! Ei Allah!" Na koma bakin aiki ina jin kaina kamar wadda ta ceci al'umma.

Da na tashi ƙarfe uku na biya kanti na sayi safar roba mai kaiwa gwiwar hannu, da ruwan bilic, da baƙar leda irin ta shara. Ko da na isa gidan Malam, motoci uku na tarar a ƙofa. Ƙofar gareji a ɗage, Hajiya na tsaye a bakinta ta toshe hanci da gefen mayafi, bayanta mata huɗu su ma haka. Ɗaya har ta riga ta kai shaddarta mota. Malam na tsaye a tsakiya da tabarau a goshi yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, ga matarsa Anti Ramatu riƙe da ludayi, ta fito daga kicin ba ta san abin da ya tara mutane ba.

Na ɗaure hancina da ɗankwali, na ja safa har gwiwar hannu, na kaɗa ledar ta buɗe da ƙara. (Wallahi har wani taku na yi, irin na likitocin talabijin.)

"Ku ja baya," na ce. "Malam, ina gawar?"

"Gawar wa?"

"Wadda ta mutu mana. Nuna min kawai, kada ka ji kunya, tsautsayi ne."

Ya dube ni, ya dubi ledar. Sai ya juya a hankali ya ɗaga murfin kwamfutar, ya nuna min wani allo da bai fi tsawon tafin ƙafata ba, mai ɗauke da wasu baƙaƙen abubuwa masu ƙafafun ƙarfe, goma sha shida, sahu biyu.

"Ga su nan. Guda daga ciki."

"Malam, cif ne waɗannan. Ina kyanwar?"

Kamar jira take a ambace ta. Sai ga ta ta shigo ta tsakanin ƙafafun Hajiya, ja mai ƙiba, wutsiya a sama, lafiyarta ƙalau. Ta zo ta shinshina baƙar ledar da na kawo domin ta, ta yi hamma, ta wuce.

Anti Ramatu ce ta fara ganewa. Ludayin ya faɗi. Ta dafa bango, ta zame har ƙasa, tana dariya tana hawaye tana nuna ni. Da ƙyar ta iya haɗa magana: "Pus! Wayyo cikina! Ke 'yar Najeriya, pus da Faransanci ne! Haka muke ce ma waɗannan abubuwan. Asalin kalmar ƙuma ce, ba ki ga ƙafafunsu ba?"

"Ƙuma?" in ji Hajiya, ta ƙara ja da baya. "Ba kyanwa ba, ƙuma ne yanzu? Ei, wannan ya fi muni koraa!"

Aka ƙara minti biyar kafin a fahimtar da ita babu kyanwa, babu ƙuma, babu komai sai wata yarinya mai dogon baki tsaye da safar wanke bayi. Matan suka sauke mayafai daga hanci suka mayar kan baki. Ni kuwa na rasa inda zan sa ledar. In ajiye, in riƙe, in shiga cikinta? Na ukun ya fi kwanta min a rai.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Malam ya dubi matar da ta kai shaddarta mota, ya sauke tabaraunsa yana gogewa da bakin riga. Shekaru yana tattalin sunansa a garin da masu jin Hausa ba su da yawa, magana kuma ba ta kwana, ni kuma cikin rabin yini na sa an toshe hanci a ƙofar gidansa. Dariyar da aka yi min ba ta ƙona ni kamar wannan goge tabaraun ba.

Hajiya ta share hawayen dariya ta koma kan batunta. "Malam, kyanwa ko ba kyanwa, injin ba ya aiki. In an kira magariba bai tashi ba, zan kwashi kayan in kai Charlotte a yi musu ɗinki haka nan ba ado. Ba zan tsaya a gaban dangin miji mata shida da ado, sha biyu wuya fayau ba."

"Zai tashi," na ce, ba tare da an tambaye ni ba.

"Ke kuma! Ki fara cire safar tukuna."

Suka shige falo shan shayi, ana ta "miyaw". Na ɗauko jakar kayan aikina daga mota, na ja kujera.

Malam ya nuna min ciwon. Ya sa ƙyalle a injin, ya ɗora zanen ankon. Allura ta fara fure tsaf, ganye ɗaya, biyu, uku, sai a tsakiya ta haukace, ta dinga tsalle tana saƙa wani abu kamar gidan gizo-gizo. Ƙaramin zane kuwa lafiya lau take gamawa. Wato ɗakin asali ƙalau yake, ƙarin ɗakin ne ke yoyo.

Na kashe wuta, na zare allon. Haƙoransa na zinare da ke shiga cikin rami sun yi duhu, na goge su da kilinar fensir har suka yi ƙyalli. Na danna kowane cif a mazauninsa da babban yatsa, biyu suka yi ƙas. Na mayar, muka sa faifan gwajin da ya zo da kwamfutar. Ta yi gurnani, ta yi tunani irin na tsofaffi, ta rubuto da koren rubutu cewa akwai kuskure. Lambar ta nuna na biyar a sahun sama.

"Wala, ga shi nan," in ji Malam. "Na ce miki guda ta mutu."

In da gaske ta mutu, mun shiga uku, don ba kantin da zai sayar maka da irin wannan cif ɗin a garin nan kafin magariba. Na ce bari in tabbatar. Na sa bakin sukundireba a hankali na ɗago na biyar, na ɗago na goma sha biyu, na musanya musu wuri. Ina gaggawar kunnawa Malam ya riƙe min hannun riga.

"Tsaya. Dubi hancinta."

Kowane cif yana da ɗan tsagi a gefe guda, kuma duk gabas suke kallo. Nawa guda yamma yake kallo. Da na kunna a haka, da na kashe pus da hannuna, a gaban shaidu. Na juya shi. Bai yi min gori ba, Allah ya saka masa.

Muka sake gwaji. Kuskure, kuma a na biyar ɗin dai.

Nan gabana ya faɗi, amma faɗuwar daɗi. In mara lafiya ya tashi daga kujera ya koma wata ya warke, wanda ya zauna a wurinsa kuma ya kama ciwon, ai ba mutanen ba ne, kujerar ce. Na ce, "Malam, pus ɗinka ba ta mutu ba. Ko ɗaya."

Na ɗauko mita, na sa ta a inda take yin ƙara in hanya a buɗe take. Ƙafa goma sha shida ke ga mazaunin. Na bi su ɗaya-ɗaya, ni da ban iya jiran shayi ya huce ba. Ta ɗaya, ƙii. Ta biyu, shiru. Na sake taɓawa. Shiru. Na ci gaba har ƙarshe don kada in sake yin irin ta ɗazu, duk sauran suka amsa. Na juya bayan allon, na kai shi bakin ƙofa wurin haske, na ari tabaraun Malam na ɗora a kansa kamar madubin ƙara girma. A ƙarƙashin mazauni na biyar akwai wani busasshen abu kore da fari-fari, ya gangaro daga sama kamar sawun hawaye, ya cinye siririyar hanyar tagulla har ta yanke.

Ruwa ne ya zuba, na ce a raina. Amma wane ruwa ne a cikin rufaffiyar kwamfuta? Na kai allon hanci.

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama gida ɗaya da kyanwa ya san wannan warin.

Na dubi murfin. Ramukan shan iska suna daidai saman sahun. Daidai inda kyanwar nan take shimfiɗa jikinta duk lokacin sanyi. Na miƙa wa Malam allon, ya shinshina, ya rufe ido.

Ku tsaya ku ji yadda zuciyata ta yi. Kyanwa ce! Tun farko kyanwa ce! Ba ta mutu ba, amma ita ce mai laifin. Na miƙe tsaye, bakina ya riga ya buɗe, ƙafata ɗaya ta riga ta nufi ƙofar falo. Zan shiga in ɗaga allon sama in ce wa Anti Ramatu ta shinshina Faransancinta.

"'Yata," in ji Malam, murya ƙasa-ƙasa. "Shaddar tana ɗaki cikin leda, ba ta taɓa kwana nan ba, Allah shaida. Amma in Hajiya ta ji kalmar fitsari..."

Bai ƙarasa ba. Karo na farko a rayuwata da ƙarasa wa mutum magana ya yi amfani. In Hajiya ta ji, kafin isha'i labarin ya isa Kumasi ya dawo, kuma ba wanda zai tsaya jin cewa a kwamfuta ne ba a kaya ba. Ni zan wanke kaina, shi kuma ya rufe gareji. Na tsaya da allon a hannu. Sai na koma na zauna.

Na aika Malam ya karɓo min alkohol na goge ciwo da tsohon buroshin haƙori da na'urar busar da gashi ta Anti. Na wanke wurin har kore ya fita, na busar. Na kankare ƙarshen hanyar biyu da bakin reza har tagulla ta fito ja. Na feɗe wata tsohuwar wayar tarho na zaro silin waya guda, siriri kamar gashi, na yi masa gada daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ɗigon dalma nan, ɗigon dalma can. Wannan kam aikina ne, ko supabaizata mai tsami ba ta taɓa dawo min da shi ba. Mita ta ce ƙii.

Muka mayar da allon. Faifan gwaji ya yi gurnaninsa, ya ƙirga, ya ƙirga, ya wuce na biyar ko waiwaye bai yi ba, ya kai ƙarshe. Malam ya ce bismillah ya sa ƙyalle. Ganye ɗaya, biyu, uku. Na matso kusa. Huɗu. Biyar. Allura ta zagaye furen, ta sauko ta yi masa reshe, ta ɗaure zare ta tsaya cak.

Ƙarar injin ce ta fito da su daga falo, rana ko faɗuwa ba ta yi ba. Hajiya ta karɓi ƙyallen, ta juya gaba, ta juya baya, ta kai shi kusa da ido. Wadda ta kai shaddarta mota ta sulale ta dawo da ita ta ajiye kamar ba ita ba.

"Ei, yarinyar nan tana da hannu paa," in ji Hajiya. "Bakin ne dai Allah ya shirya. To me ya lalace a ciki?"

Malam ya dube ni ta saman tabarau. Kyanwar tana zaune a kan shinge tana lasar ƙafa.

Na ce, "Pus ce, Hajiya."

Ban yi ƙarya ba, da kowane yare aka auna.

Ranar Asabar mata goma sha takwas muka shiga zauren biki a Sedgefield da wuya iri ɗaya, dangin ango suna ta tambayar wane tela ne. Mai riƙe da makirufo ya gabatar da ni a matsayin "likitar kyanwa", zaure ya ɗauka. Na tashi na ɗaga hannu kamar 'yar siyasa. Malam kuwa tun ranar Alhamis ya ɗinka wa kwamfutar riga da ragowar shadda, har da ado a wuya, ya kuma toshe ramin da ke ƙasan ƙofar gareji. Tsohuwar ta ƙara shekaru tana aiki da silin wayata a bayanta. Sai da ya sayar da injin ya koma Damagaram ya ce min a waya, bayan ya gama tambayar kowa har Mama, "Yanzu kina iya faɗa." Shi ya sa kuke ji.

Abin da na koya? In Banijare ya ce miki wani abu ya mutu, ki tambaye shi da wane yare ya mutu kafin ki sayi leda. Sauran darasin kuma ya fi ɗaci: rana ɗaya tak da na yi gaskiya a garin nan, ita ce ranar da dole na rufe bakina.